Shin "gaskiya ne" tana ƙara wani abu a magana?

Rakiya: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga wata tambaya da muke fama da ita a darasin manɗiƙi, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, a jami'ar Ghana da ke Legon, na ce bari in kawo ta gida Kumasi in ji ta bakin manya. Idan na ce "Kejetia tana Kumasi", sannan na sake cewa "gaskiya ne Kejetia tana Kumasi", me jimla ta biyu ta faɗa wanda ta farko ba ta faɗa ba? Akwai masana falsafa da suka ce babu. Frank Ramsey na jami'ar Kambirij ya rubuta a 1927 cewa "gaskiya ne an kashe Kaisar" ba ta wuce "an kashe Kaisar" ba, sai dai ƙarfafawa ko adon zance. Frege na Jamus ma ya riga shi faɗin irin haka. Daga nan aka samu mazhaba guda da ke cewa gaskiya ba wata sifa ba ce mai ɓoyayyen asali da za a yi ta tonowa, yadda likitoci suka tono asalin ciwon suga. In ka san "kaza" gaskiya ce idan kaza ne, kuma ba gaskiya ba ce idan ba kaza ba ne, to ka gama sanin gaskiya, babu saura. Ina kiransu masu rage wa gaskiya nauyi. Ni dai ina tare da su. Wa zai ja?

Alhaji Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. 'Yata, kuɗin makarantar ke nan? A tura ki Akra ki dawo ki ce mana gaskiya ba ta da nauyi? Tun ba a haife ki ba nake sayar da goro, kuma ba abin da ya riƙe ni a kasuwa sai ita. Gaskiya dokin ƙarfe ce. Ki gaya wa Ramsey ɗin nan in ji ni.

Rakiya: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ramsey ya rasu tun 1930 yana da shekara 26, saƙon ba zai isa ba. Amma ba su ce a yi ƙarya ba, ba su kuma ce kowa da tasa gaskiyar ba. In yaronka ya ce huhun goro ya ruɓe, maganarsa gaskiya ce in goron ya ruɓe, ƙarya ce in bai ruɓe ba. Goron ke yanke hukunci, ba son ran yaron ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce bayan maganar yaro da ruɓewar goro akwai wani abu na uku mai suna gaskiya da sai an nemo masa bayani na daban.

Alhaji Ɗanjuma: To in haka ne, me ya sa in Malam yana wa'azi muke cewa "gaskiya ne, Malam"? Banza muke yi?

Tica Yakubu: Alhaji, wani malamin Oksifod, Strawson, ya ɗauki daidai wannan a 1949. Ya ce mai cewa "gaskiya ne" ba siffanta maganar yake yi ba, amsa mata yake yi, wato "na yarda, na sa hannu". Bayanin bai yi nisa ba, domin akwai wuraren da ba amshi ake yi ba. Mai cewa "in maganarsa gaskiya ce, to mun yi asara" bai yarda da komai ba tukuna.

Lauya Umaru: Ƙanwata Rakiya, misalin Kejetia ya yi miki sauƙi da yawa. Zo kotu. Alƙali ya ce "duk abin da shaida na biyu ya faɗa gaskiya ne". Cire "gaskiya ne" mu gani. Me ya rage? "Duk abin da shaida na biyu ya faɗa." Wannan ba jimla ba ce, guntu ne. Ko kuma a ce mini "abin da ke cikin wasiyyar nan gaskiya ne" alhali ambulan ɗin a rufe yake, ban karanta ba. Ba zan iya maimaita abin da ke ciki ba balle in ce maimaici ne. Kalmar da ba ta ciruwa ba za a ce mata ado ba.

Tica Yakubu: Lauya, ka taɓo wurin, amma ka sani su ma nan suka kafa shagonsu. Ramsey da kansa ya ga wannan matsala a takardar tasa. Wanda ya fi warware ta shi ne Quine na Amurka a 1970. Ya ce aikin kalmar shi ne cire alamomin zance: ka sa jimla cikin alamomin zance ka koma kana magana a kan kalmomi, ka ƙara "gaskiya ce" ka dawo kana magana a kan duniya. Amfanin wannan kai da komowa yana fitowa ne in za ka tattara maganganu da yawa. Hukuncin alƙalinka ma'anarsa: in shaida ya ce motar ja ce, to ja ce; in ya ce da dare ne, to da dare ne; in ya ce mutum uku ne, to uku ne; haka har illa masha Allahu. Ba mai numfashin da zai ƙare wannan jeri, sai aka samu kalma ɗaya ta ɗauke shi. Paul Horwich ya gina littafi guda a kan haka a 1990. A wurinsa duk ilimin gaskiya shi ne wannan jeri marar iyaka, kowace magana da layinta, kuma ya ce duk wani aiki da gaskiya ke yi a kimiyya ko shari'a ana iya bayyana shi da jerin kaɗai. Saboda haka ba su ce kalmar ba ta da amfani ba. Cewa suka yi amfaninta na tattarawa ne, ba na bayani ba.

Malam Habu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Wannan babi ba baƙo ba ne a zaurukanmu na Aboabo, sai dai mu a balaga muke tarar da shi, wajen bayanin habari, wato maganar da ke ba da labari. A manɗiƙi ma, Ahdari a cikin Sullam ya ce ƙadiyya ita ce abin da zai iya ɗaukar gaskiya a karan kansa. To mece ce gaskiyar habari? Ƙazwini ya kawo ƙauli uku a Talhis. Jumhuru suka ce dacewarsa da waƙi'i, wato abin da yake a waje. Nazzamu ya ce a'a, dacewarsa da abin da mai magana ya ƙudurce ne, ko da ƙudurin kuskure ne. Hujjarsa farkon Suratul Munafiƙun: munafukai sun ce sun shaida Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Manzon Allah ne, maganar kuwa ta dace da waƙi'i, amma Allah ya ce maƙaryata ne. Jumhuru suka amsa cewa ƙaryarsu tana cikin "mun shaida", domin shaida sai da zuciya. Jahizu kuma ya ce sai an haɗa biyun, waƙi'i da ƙuduri, don haka akwai maganar da ba gaskiya ba ce ba kuma ƙarya ba, ya kafa hujja da ayar Suratu Saba inda kafirai suka ce ko ya ƙirƙira wa Allah ƙarya ne ko kuwa akwai taɓuwa gare shi.

Abin da nake so ki lura, 'yata, duk su ukun sun yi saɓani a kan me ake dacewa da shi, amma ba wanda ya ce babu dacewar. Shi kansa Arisɗo cewa ya yi gaskiya ita ce ka ce wa abin da yake yana nan, ka ce wa abin da babu babu. Ashe akwai magana, akwai abin da yake, akwai alaƙa tsakaninsu. Wannan alaƙa ita ce nauyin da kike cewa babu.

Rakiya: Allah ya gafarta Malam, maganar Arisɗo ɗin nan kowane ɓangare cewa yake tasa ce. A sake dubawa, babu kalmar dacewa a ciki. Ka ce yana nan, kuma yana nan: shi ne dai jerin da Tica ya kawo. Masu rage nauyi ba su hana kowa cewa "ta dace da waƙi'i" ba, suna dai tambaya ko wannan ya ƙara ilimi. Ɗauki "babu teku a Kumasi". Gaskiya ce. Da wane abu ta dace? Da wani rashin teku da ke zaune a Asawase? Ko "bakwai da biyar sha biyu ne". Ina waƙi'in yake, a nuna mini in auna maganar a jikinsa? Duk lokacin da aka ce a nuna waƙi'in, sai a maimaita jimlar.

Kuma ɗan garin nan ya taɓa wannan. Kwasi Wiredu, haifaffen Kumasi a 1931, ya koyar a Legon shekaru da dama, ya rasu a Amurka a 2022. Ya ce a harshen Akan "nokware" gaskiyar hali ce, kishiyar yaudara, amma in ana nufin magana ta yi daidai sai a ce "ɛte saa", haka yake, kuma da wannan lafazin ake faɗin abin da yake a waje. Sai ka'idar dacewa ta koma "haka yake in haka yake". Shi Wiredu ba ɗan rage nauyi ba ne, yana da nasa ra'ayin da ya jawo masa suka sosai, cewa gaskiya ra'ayi ce da aka kai gare shi bayan bincike. Amma abin da ya nuna game da dacewa ya yi mini.

Alhaji Ɗanjuma: Wannan kam haka Tonawa ke cewa, kullum ina ji a kasuwa. Amma in suka kama ka da ƙarya ba ka'ida suke kawo maka ba.

Lauya Umaru: Alhaji ya fi mu kusa da wata hujja da Michael Dummett ya kawo a 1959. Bari in faɗe ta da dara. Ka koya wa yaro duk ƙa'idojinta, ya san wa ya ci, ya san wa aka ci, amma ba ka gaya masa cewa ci ake nema ba. Zai zauna yana ba da 'ya'yansa yana murna. Ya san dara? Haka jerin Horwich: ya gaya mini yaushe kowace magana take gaskiya, bai gaya mini cewa ita ake nufa in an buɗe baki ba. Rantsuwar da ake sa shaida a kotu a kan wannan take.

Rakiya: Yaya Lauya, wannan ma tattarawa ce. Kada ka ce an yi ruwa a Tafo sai in an yi, kada ka ce ka biya sai in ka biya, kada ka ce ka gani sai in ka gani. Dunƙule su ka samu "kada ka faɗi sai gaskiya". Wajibcin yana nan daram, amma daga amana da haƙƙin mutane ya fito, ba daga wani sirri da ke cikin kalmar ba.

Malam Habu: To bari in gwada jerin naku da abin da ya gagari manya. Mutum ya ce "maganar nan da nake yi yanzu ƙarya ce", bai ƙara komai ba. In gaskiya ce, to yadda ta faɗa haka ne, ƙarya ce ke nan. In ƙarya ce, to abin da ta faɗa ya tabbata, gaskiya ce ke nan. Girkawa sun san ta. Abhari da Ɗusi sun yi magana a kanta a ƙarni na 13. Taftazani, wanda ya rasu a 1390, ya kira ta jazrul asammu, kuma da girmansa ya ce abin da ya fi shi ne a yarda an gaza warware ta. Bayansa Dawwani da Dashtaki suka yi ta mayar wa juna martani a kanta a Shiraz. Yanzu ku da kuka ce kowace magana da layinta a jeri, ku rubuta mini layin wannan. Zai fito: gaskiya ce in ba gaskiya ba ce. Jerin da ya ƙunshi wannan layi ya rushe kansa.

Tica Yakubu: Malam ya kai mu gidan Tarski. Alfred Tarski ɗan Folan ne, ya wallafa babban aikinsa a kan gaskiya a 1933. Shi ya kafa sharaɗin da kowa ke maimaitawa: duk ta'arifin gaskiya da ya amsa sunansa dole ya fitar da layi irin "'dusar ƙanƙara fara ce' gaskiya ce idan, kuma sai idan, dusar ƙanƙara fara ce" ga kowace jimla ta harshen. Sannan ya tabbatar da cewa harshen da ya isa ya yi lissafi ba zai iya ta'arifin gaskiyar kansa ba, in ya gwada maƙaryacin Malam zai ɓullo. Mafitarsa hawa biyu: harshen da ake magana a kansa, da harshen da ake magana da shi. Kalmar gaskiya ta na ƙasa tana zaune a na sama, don haka babu jimlar da za ta iya ce wa kanta ƙarya. In kana son gaskiyar na sama, sai ka hau na uku. Game da harsunan da muke yi a gida da kasuwa kuwa, ya ɗebe tsammani, domin su komai suna iya faɗa har a kan kansu. Abin dariya, Karl Popper ya ce Tarski ya farfaɗo da ka'idar dacewa, su Quine kuma suka ce ya nuna ba a bukatarta. Takarda ɗaya.

Lauya Umaru: Hawa biyun nan ba zai yi aiki a kotu ba. Shaida na farko ya ce "abin da na biyu zai faɗa ƙarya ne". Na biyu ya tashi ya ce "abin da na farko ya faɗa gaskiya ne". Ba wanda ya yi magana a kan kansa. Wa ke sama, wa ke ƙasa? Kuma da na biyun ya ce "motar ja ce", da maganar na farko lafiyarta ƙalau.

Rakiya: Abin da Saul Kripke ya nuna ke nan a 1975, shi da misalin Nixon da badaƙalar Watergate ya yi. Ba a gane jimla mai cuta daga siffarta, wani lokaci sai an ga abin da wasu suka faɗa. Ya ce jimlar da in ka bi ta ba ta dira a kan wata magana da ba ta gaskiya ko ƙarya ba, ba ta da gindi, sai a bar ta ba hukunci. Horwich kuma cewa ya yi a cire layukan da ke kawo rikici daga jerin. Amma Malam, maƙaryacin nan ba mu kaɗai ya cije ba. Masu dacewa ma ba su da waƙi'in da za su ba shi.

Tica Yakubu: Ya cije kowa, amma ciwon bai zo ɗaya ba, ƙanwata. Mai dacewa yana iya cewa ba ta hakaito komai a waje ba, shi ya sa ta fita. Ke da kika ce jerin shi ne komai, da wane ma'auni za ki cire layi? In kin ce a ɗauki mafi yawan layukan da ba sa karo da juna, Vann McGee ya nuna a 1992 cewa irin waɗannan tarin suna da yawa, suna kuma saɓa wa juna, jerin kansa ba zai zaɓa miki ba.

Amma bari in ajiye maƙaryaci in kawo wadda ta fi damuna tun ina jami'ar Tek ta nan Kumasi, ita a lissafi tsantsa take. Ku yi haƙuri da tsawo.

Akwai tsarin lissafin lambobi da ake jingina wa Peano na Italiya, wanda ya wallafa tushensa a 1889. Tushen ba su da wuya: kowace lamba tana da mai bi mata, ga yadda ake tarawa, ga yadda ake ninkawa, sai ƙa'idar bi-da-bi, wato in sifili yana da wata sifa, kuma duk lambar da ke da ita mai bi mata ma tana da ita, to duk lambobi suna da ita. A 1931 Gödel ya nuna cewa tsari irin wannan, muddin ba ya tufka da warwara, ba zai iya kafa hujja daga cikinsa a kan cewa ba ya tufka da warwara ba. Wato ba zai iya tabbatar da cewa 0 = 1 ba za ta taɓa fitowa daga tushensa ba.

Yanzu mu ƙara masa kalmar gaskiya. Hanya ta farko, mu ba shi jerin kawai, kowace jimlar lissafi da layinta. An tabbatar cewa ba wani sabon sakamako na lissafi da zai fito. Su Rakiya sai murna, ga shi ba ta da nauyi. Amma tsarin ba zai iya tabbatar da ko wannan ba: "kowace jimla, ko ita ko kishiyarta, ɗaya gaskiya ce". Zai tabbatar wa jimla ta farko, zai tabbatar wa ta dubu, amma ba zai faɗe su a dunƙule ba. Tarski da kansa ya ga wannan rauni, Anil Gupta kuma ya sari Horwich da shi a 1993. Kalmar da aka ce tattarawa ce aikinta ta kasa tattarawa.

Hanya ta biyu, mu ba shi ƙa'idojin Tarski: jimla biyu da aka haɗa gaskiya ce in kowaccensu gaskiya ce, korarriya gaskiya ce in wadda aka kore ba gaskiya ba ce, mai "duk" gaskiya ce in ta tabbata ga kowace lamba. Mu kuma bar bi-da-bi ta yi aiki a kan jimlolin da ke da kalmar gaskiya. Ku duba abin da zai faru. Tushen duka gaskiya ne. Ƙa'idojin manɗiƙi ba sa fitar da ƙarya daga gaskiya. Bi-da-bi a kan tsawon hujja ta ba mu cewa duk abin da tsarin Peano ya tabbatar gaskiya ne. 0 = 1 ba gaskiya ba ce. Saboda haka tsarin ba ya tabbatar da ita. Mun samu abin da Gödel ya ce tsarin shi kaɗai ba zai samu ba. Kuma ta hanyar lambobin da Gödel ya raba wa jimloli, wannan sakamako magana ce a kan lambobi zalla, babu kalmar gaskiya a cikinta.

Stewart Shapiro a 1998 da Jeffrey Ketland a 1999 suka ce to ga zaɓi. Ko ku tsaya a hanya ta farko, gaskiyarku ta kasa aikinta, ko ku bi ta biyu, ta koya muku sabon abu game da lambobi. Abin da ba shi da nauyi ta yaya ya motsa lissafi?

Alhaji Ɗanjuma: Tica, daga Peano na sauka. Amma na ji ƙarshen, kuma na ji daɗinsa.

Malam Habu: Ni kuwa a hanya ta farko na ga abin da na sani. Wannan istiƙra'i ne, kafa hujja da ɗaiɗaiku a kan gaba ɗaya. Ahdari ya faɗa a Sullam cewa istiƙra'i da tamsili, wato auna abu da makamancinsa, ba sa ba da yaƙini. Sai in istiƙra'in cikakke ne, an bi kowane ɗaya an ƙare. To jerin da ba shi da ƙarshe wa zai ƙare shi? Shi Horwich ɗin bai ga haka ba?

Tica Yakubu: Ya gani, Allah ya gafarta. A bugu na biyu na littafin, 1998, ya nemi a yarda da wata ƙa'ida da ke tsallakawa daga dukkan ɗaiɗaiku zuwa hukunci na gaba ɗaya. Masu suka suka ce ƙa'idar da sai ka tara muƙaddima marar iyaka kafin ka yi aiki da ita ba ta ɗan Adam ba ce. Sai dai a kula, bi-da-bi ta lissafi ba istiƙra'i ba ce. Ita muƙaddima biyu kawai take nema, kuma tana ba da yaƙini.

Rakiya: To ni hanya ta biyu na bi, kuma ban ji tsoro ba. Hartry Field ya amsa wa Shapiro a 1999. Ya ce a duba inda ƙarfin ya fito. Ɗauki ƙa'idojin Tarski duka, amma kada ka bar bi-da-bi ta taɓa jimlolin da ke da kalmar gaskiya. Ba sabon sakamakon lissafi ko ɗaya, wannan ya fito daga aikin Kotlarski da Krajewski da Lachlan na 1981. Sai an buɗe wa bi-da-bi ƙofa sannan hujjar Tica ke tafiya. Bi-da-bi kuwa ta wa ce? Ta lambobi ce. Mun yarda da ita ne saboda yadda lambobi suke, kowacce ana isa gare ta daga sifili taki bayan taki, kuma mun yarda da ita ga kowace sifa da za mu iya faɗa, yau ko gobe. Tsarin Peano yana iya amfani da ita ne kawai gwargwadon kalmomin da yake da su. An ƙara masa kalma, ya faɗi sifar da da ba ya iya faɗa, sai tsohuwar ƙa'idarsa ta kai inda ba ta kai ba. Nauyin na lambobi ne. Neil Tennant ma ya nuna a 2002 cewa ana iya kai wa ga jimlar Gödel, wato jimlar lissafi mai gaskiya da tsarin shi kaɗai ba ya iya tabbatarwa, ba tare da kalmar gaskiya ba sam, in aka ƙara ƙa'idar cewa abin da tsarin ya tabbatar na wani rukunin jimloli haka yake.

Tica Yakubu: Abu biyu. Na farko, bi-da-bi ita kaɗai ma ba ta kai ba, tana nan a tsarin tun farko Gödel ya ɗaure shi. Sai da aka haɗa su. Don me za a ba ɗaya ladan duka? Na biyu, da safe a kan jerin Horwich kika tsaya, kika ce babu saura. Yanzu kin ari ƙa'idojin Tarski, waɗanda jerin bai iya fitar da su ba. Ashe akwai saura. Ƙa'idar Tennant kuma, me ya sa kika yarda da ita? In ba don kin yarda tushen gaskiya ne ba, ba ki da dalili.

Rakiya: Na yarda tushen gaskiya ne, kuma da na faɗi haka tattara su na yi, domin ba su da iyaka. Yaya Tica, Shapiro da Ketland ne suka ɗora mana sharaɗin cewa kada a samu ƙari, ba Ramsey ko Quine ba. Kayan aikin da ke ba ka damar faɗin abin da da ba ka iya faɗa, dole ya ba ka damar tabbatar da abin da da ba ka iya tabbatarwa. Nauyin da muke musu shi ne a ce akwai wata alaƙa tsakanin kalma da abu, wadda sai an bincika ta sannan a san gaskiya. Field da kansa ya nemi irin wannan bayani a 1972, daga baya ya bar neman. Duba hujjar taka layi layi, ina ka yi amfani da wannan alaƙa?

Lauya Umaru: Kun iso inda nake da ta cewa. Kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kawo shaida. A ƙa'ida hujja tana kan mai da'awa. Tica da Malam ne suka ce akwai wani abu bayan jerin, su za su nuna shi. Wanda ya ce babu ba a tambayarsa.

Malam Habu: Wannan a shari'ar dukiya ne, Lauya, inda asali shi ne ba a bin mutum komai. A mas'alolin ilimi malaman usulu sun yi babi a kan ko mai korewa sai ya kawo dalili, kuma mafi yawansu sun ce sai ya kawo. Wanda aka ɗauke wa shi ne mai cewa "ban sani ba", domin shi bai yi da'awar komai ba. Rakiya ba ta ce ba ta sani ba. Cewa ta yi babu.